Zuwa ga ɗana, da aka damƙa wa makullin Hayis

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafi. Kawunka ya iso daga Marwa da labarin cewa mai motar ya damƙa maka makulli, ka tashi daga yaron mota ka zama direba. Na yi wa Allah godiya, innarka kuwa har da hawaye. Na so in kira ka a waya, amma maganar waya iska ke kwashe ta. Shi ya sa na zaunar da ƙanwarka da biro, ina faɗa tana rubutawa, don ka ninke takardar ka ajiye tare da takardun mota.

Na san abin da zai fara hana ka barci, wato kuɗin mai. A watan Fabrairun 2024 litar fetur ta koma sefa 840 a gidan mai nan Kamaru, gazuwal kuma, wato dizal, 828. Zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake shigowa da shi ta bayan fage, da muka dogara da shi shekara da shekaru, tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 ya daina zama abin da muka sani. Ga kuɗin mai mota da za ka kai, ga sefa 500 a kowace ƙofar biyan kuɗin hanya, ga na tasha. Dole ka yi tattali. Abin da nake tsoro shi ne irin tattalin da za a koya maka a tasha, don ni ma an koya mini shi, kuma saura ƙiris ya kai ni kabari da mutum goma sha takwas a bayana.

Ka san Falez, gangaren nan da ake saukowa daga Ngaundere kafin a kai Mbe. Ngaundere tana bisa tudun da ya haura mita 1000, Garwa kuwa ba ta kai 300 ba, kuma babban rabon wannan sauka a 'yan kilomitocin nan masu kwana-kwana ake yin sa. Ina sabon direba wani babba a cikinmu ya ce mini mai wayo ba ya ƙona mai a gangara, cire giya ake yi a bar mota a firi. Na yi sau da yawa ba abin da ya faru, har na ɗauka gwaninta ce. Ranar da abin ya zo, na ɗauko fasinja cike, da buhunan masara a sama. Ƙafata na kan burki tun daga kan tudu. A tsakiyar gangara na ji ƙauri, sai burkin ya yi laushi ya tafi har ƙasa. Na nemi giya, ta ƙi shiga saboda gudu. Sai da na goga gefen motar da jikin tudu kafin ta tsaya. Ba a rasa rai ba, amma wata baiwar Allah da ke zaune ta wannan gefen ta karye a hannu, goyonta na kuka. Shekara ta fi talatin, har yau in na rufe ido ina ganin fuskarta. Man da na so in rage bai kai lita ɗaya ba.

Ga yadda abin yake. Burki da guga yake aiki, guga kuma zafi yake haifarwa. In ka daɗe kana taka shi da kaya mai nauyi, ƙarfen ya yi zafi, man burki ya tafasa, shi ke nan ƙafarka ba ta da sauran iko. Giya ce ke riƙe mota a gangara. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka, kuma tun kana sama za ka sa ta, ba sai mota ta ɗauki gudu ba. Burki kuwa ka taka da ƙarfi ka saki, ka ba shi damar shan iska. Wani abin da ban sani ba sai daga baya: in mota na cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur, injin kusan ba ya shan komai, tayoyi ne ke juya shi. A firi kuwa sai ya sha mai don kada ya mutu. Ashe ko ribar ma babu.

Tattalin gaskiya a tafin ƙafarka ta dama yake. Hayis doguwa ce mai faɗin goshi, iska tana tokare ta, kuma tokarewar tana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Tsakanin Marwa da Garwa kilomita 200 ne da 'yan kai. Wanda ya yi ta a kan 110 da wanda ya yi ta a kan 80 ko 90, tazararsu ba ta wuce ta cin tuwo da sallah ba, amma ka duba tankinsu in sun iso. Ka tashi a hankali, ka canja giya da wuri ba tare da ka bar injin yana kakari ba. Ka riƙa kallon nesa. In ka hango shingen jandarma ko tudun rage gudu na shiga gari, ɗage ƙafa tun daga nesa, mota ta iso da kanta. Duk burkin da ka taka da ƙarfi, man da ka saya ne ka zubar a kwalta. In ana lodi a tasha, kashe injin. Kuma ka riƙe wannan lissafi: in gudu ya ninka biyu, nisan da burki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninki huɗu yake yi. A Hayis kana zaune ne bisa tayar gaba, injin na ƙarƙashinka. Tsakaninka da abin da za ka daka, gilashi ne da ɗan falankin ƙarfe. Ka ɗaura bel, ko abokai za su ce tsoro ne.

Sai lodi. 'Yan kamasho za su cusa maka mutum a kan mutum, su tula kaya a sama har motar ta zama kamar rumbu. Su sun karɓi nasu sun koma inuwa, kai ne za ka shiga kwana da ita. Kayan sama su ne ke kifar da ƙaramar bas, don nauyi in ya hau sama, kauce wa rami ɗaya ya isa. Mai nauyi ya shiga ciki, ƙasa-ƙasa, kusa da tayoyin baya, mara nauyi ya hau sama a ɗaure shi tamau. Kuɗin buhu biyun da ka ƙara, sifirin da taya za su karɓe shi da riba. Koyi cewa "ta cika" da fuska sake, ba faɗa, ba kuma ja da baya.

Taya kuwa, a nan araha ba ta ado. A watan Maris da Afrilu zafinmu yana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa. Tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ce ke lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe, kuma tana ƙara shan mai. Ka auna iska da sassafe kafin mota ta motsa. In ka auna da rana ka ga ta hau, kada ka rage, haka ɗabi'arta take. In za ka sayi ta hannu, duba lambobi huɗu da ke jikinta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tsohuwar roba ko zanenta na nan, ta riga ta bushe. Safaya ma taya ce, kada ka bar ta ba iska.

In dole ta sa ka sayi man bakin hanya, saya wurin wanda ka sani, ka ɗaga kwalbar ka duba a rana, ka tace da tsumma mai tsabta. Ruwa da datti a gazuwal suna kashe famfon mai, kuɗin gyaransa kuwa ya fi abin da ka rage a wata shida. Juyen baƙin mai kada ya wuce lokacinsa. Da hunturu matatar iska tana toshewa da ƙura cikin 'yan kwanaki, sai ka ga baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi. Cire ta ka kakkaɓe, in ta gaji ka canja. In allurar zafi ta hau, tsaya, kuma kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto sai injin ya huce. A hazo ƙaramar fitila za ka kunna, babba ƙurar take haskawa ta dawo maka a ido.

Damina ita ce jarrabawar direban arewa. Ka tashi a Marwa, ka san kogin Mayo Kaliyawo: yau yara na ƙwallo a cikin yashi, gobe ruwa ya cika shi baki da baki, alhali ko ɗigo bai sauka a gari ba, a kan duwatsu aka yi shi. Haka duk mayo yake. In ka iso mashigi ka tarar ruwa na gudu, sauka ka duba da ƙafarka da sanda. In ya kai tsakiyar taya kuma yana ja, zauna. Fasinja za su yi ta magana, wani zai ce ga wata mota can ta wuce. Bar su su yi. Ruwan mayo yakan janye cikin 'yan sa'o'i. In ya yi ƙasa ka shiga da giya ta ɗaya, a hankali, ba tsayawa, ba canja giya. In injin ya mutu a ciki kada ka sake tayar da shi, don ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga sai ya lanƙwasa ƙarfen cikin injin. In ka fito, taka burki kaɗan-kaɗan har ya bushe. Baƙar ƙasar karal da ake shuka masakwa a kanta, in ta jiƙe sabulu ce. Giya ta biyu, totur kaɗan, kada ka fizgi sitiyari.

An ce mini wani lokaci za a riƙa tura ka Kusiri. Wannan ta fi damuna. Daga Mora zuwa Waza zuwa Dabanga ka san halin hanya, ka kuma san halin tsaro tun shekarun Boko Haram. Kada dare ya same ka a can ko nawa za a biya ka. Tambayi direbobin da suka fito a ranar, in sojoji sun ce a jira a tafi tare, ka jira. Tashi da cikakken tanki, da jarkar ruwa, da igiyar ja. Takardunka su cika, inshora da takardar duba lafiyar mota da lasisi, don mai cikakkiyar takarda ba ya rawar murya a shinge. A can ma ka yi sallama da ladabi, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi.

Tafiyar dare ko a hanyarmu ta nan ba na son ta. Shanu ba su da fitila, haka amalanke, haka babbar motar da ta lalace aka zuba mata ganye a baya. Lokacin kwasar auduga manyan motoci sun cika hanya. Kada ka wuce ɗaya sai ka ga gabanka sarai. Ranar Lahadi in za ka ratsa Pitowa, ka tuna kasuwa ke ci, babura da yara ta ko'ina suke fitowa.

Akwai maganar da na so in yi maka baki da baki, amma ba zan jira ba. Za a miƙo maka tiramol a tasha, a ce yana kore gajiya. Na ga samarin da suka fi ka ƙarfi sun fara da ƙwaya ɗaya. Wasu na raka su makabarta, wasu suna nan suna yawo ba su san inda suke ba. Ina roƙonka don Allah, don darajar nonon da ka sha, kada ka karɓa ko sau ɗaya. In barci ya zo, goro da shayi ba sa biyan bashinsa. Faka a gari, ka yi alwala, ka kwanta ko na rabin sa'a ne. Da azumi ka fi kula bayan azahar. Mutanen da ke bayanka ba su san ka ba, sun dai miƙa kuɗi sun miƙa rai, kuma za a tambaye ka a kansu.

In mai motar ya matsa maka a kan sawu biyu a rana ɗaya, ko ya ƙi sayen taya, faɗa masa gaskiya cikin girmamawa. In ya ƙi ji, aiko mini, ni zan je in same shi.

Sawunka na farko zuwa Garwa, bayan ka sauke fasinja, kawo motar ƙofar gida da sassafe kafin injin ya yi zafi. Idona ya rage gani amma kunnena na nan, ina so in ji yadda take tashi, in kuma taka burkin da ƙafata. Innarka ta ce a gaishe ka da mai ɗakinka, ta ce ka taho mata da albasar Marwa. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Garwa