Wasiƙa zuwa ga iyayen yara da masu riƙonsu: maganar maki da maganar hali

Assalamu alaikum iyayenmu, da fatan kuna lafiya, ya zafi? Garwa tamu ta Kamaru dai a watan Maris sai haƙuri, don Allah a riƙa ɗuro wa yara ruwa a gora kafin su fito.

Mun gama kompozisiyon zango na biyu, wato jarrabawar ƙarshen zango, buletin, takardar sakamako, na nan tafe. Na san halinmu, ana karɓa ido sai kan muwayen, wato matsakaicin maki, nawa bisa 20, na nawa ya zo a aji, shikenan a ninke takarda a sa aljihu. To bana ina roƙon ku duba inda metir, malamin aji, ya rubuta bayanin halin yaro, don a nan muka fi shan wahala.

Ga dalili. Akwai wani yaro a CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba zan faɗi suna ba, kansa na ja sosai, ya tashi da 17 bisa 20, lissafi kam kafin metir ya gama rubutu a allo ya riga ya gama a kansa. Ashe ranar jarrabawa yana rubuta amsa a 'yar takarda yana miƙa wa na bayansa, kowace amsa sefa 50, har da masu bashi wai sai an tashi rekreyasiyo, wato hutun tara, su biya. Da muka kira mahaifinsa sai ya yi dariya ya ce ai Malam wannan ɗan kasuwa ne tun yanzu. Gaskiya ni abin bai ba ni dariya ba ko kaɗan, domin yara huɗun da suka saya sun koma gida da makin da ba nasu ba, iyayensu na murna, ga konkur na shiga siziyem, wato jarrabawar shiga ajin farko na sakandare, a watan Mayu, ga CEP ta gama firamare a Yuni, a can wa zai miƙo musu takarda? Kuma duk mun ga abin da ke faruwa lokacin jarrabawowin sakandare, BEPC da probatuwar da bak, abin nan da ake kira ruwa, tambayoyi suna yawo a WhatsApp kafin ranar jarrabawa. Mai sayar da ruwan nan ba daƙiƙi ba ne, yana da ƙwaƙwalwa, amana ce babu, kuma irin haka yake farawa, daga sefa 50.

Sai dai kar a fahimce ni a baibai. Da yawanmu in an ce yaro mai tarbiyya abin da muke nufi shi ne wanda ba ya magana, ya durƙusa ya gaishe ka ya sunkuyar da kai. Gaisuwa kam dole ce. Amma muna da wata yarinya a CE2, aji huɗu, ladabi ba a magana, ta haddace darasin Faransanci tsaf kamar karatun allo, da na tambaye ta da Hausa me jimlar take nufi sai ta yi shiru, na sake da Fulatanci, shiru. Wata biyar ba ta gane ba kuma ba ta taɓa ɗaga hannu ba, wai a gida an ce mata yawan tambaya rashin kunya ne. Haba iyaye. Matambayi ba ya ɓata fa. Irin wannan yarinyar ce gobe za a turo mata ƙarya a waya ta yarda ta tura wa wasu, da zuciya ɗaya.

Ko dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 cewa ta yi aikin makaranta shi ne raya yaro ta fannin tunani da jiki da zama ɗan ƙasa nagari da ɗabi'a, ba ta ware ɗaya ta bar saura ba. Mu kuma da ma mun san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce an aiko shi ne don ya cika kyawawan ɗabi'u. Matsalar ita ce yaro awa kaɗan yake yi a wurinmu, sauran yana gida da unguwa, in mun ce kar ya yi ƙarya sannan ya ji ana cewa je ka ce wa mai bashi Baba ba ya nan, to wanne zai ɗauka?

Shi wancan yaron ba mu kore shi ba, ba mu kuma taɓa makinsa ba tunda nasa ne. Ya mayar da kuɗin mutane, yanzu duk Laraba bayan an tashi shi ke zama da yaran nan huɗu yana koya musu lissafin rabawa, kyauta. Satin farko da ƙyar, yana ta tsaki, yanzu kuma har yana zuwa ya ce mini wane ya fara ganewa.

Ranar Asabar mai zuwa ƙarfe 9 na safe akwai taron APE, ƙungiyar iyayen yara, a nan za a raba buletin, kuma ba za mu ba yaro a hannu ba sai babba ya zo. Iyaye maza don Allah kar a sake bar wa mata su kaɗai kamar wancan karon. 'Yan CM2 da ba su kawo takardar haihuwa ba a taho da ita ranar.

Direktan makaranta