Birki ba ya tsinkewa haka kawai, sai da ya yi ta kuka aka ƙi saurarensa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci min rai. Ni bakanike ne, a ƙarƙashin mota na girma, tun ina yaron gareji mai miƙa sifana har yau da nake da nawa yaran, kuma wallahi duk lokacin da na ji an yi haɗari aka ce wai "birki ne ya tsinke" sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji, saboda mu da muke kwance tayoyin nan kullum mun san abin da ke ciki. Birki ba igiya ba ne da zai tsinke rana ɗaya. Kafin ya ƙi ci sai da ya yi wata da watanni yana magana, mai motar ne kawai ya toshe kunne.

Bari in ba da misali da wani bawan Allah da ya shigo mana kwanakin baya. Tun daga bakin ƙofa da ya taka birki zai yi fakin muka ji ƙarar nan ƙurrrr kamar ana wasa wuƙa a dutse, duk yaran suka ɗago kai suna kallon juna. Ya fito cikin shiga mai kyau, mota an wanke ta tas tana ƙyalli, ya ce min malam AC ɗina ne ya daina sanyi. Na ce ranka ya daɗe AC ba matsala, amma wannan ƙarar fa tun yaushe take? Ya ce ai ta kwana biyu, in ya kunna rediyo ma ba ya jin ta. Na lallaɓa shi da ƙyar ya yarda muka ɗaga motar a jak muka cire tayar gaba. Abin da na gani, takalmin birkin nan babu komai a jikinsa, ya cinye ƙurmus, ƙarfen bayan ne yake gogar dis ɗin, wato faifan ƙarfen da birki yake kamawa, kai tsaye har ya yi masa kwari kwari da za ka iya sa farce a ciki, gefen dis ɗin ya yi shuɗi saboda zafi. Na kira shi na nuna masa da idonsa. Kun san me ya ce? Ya ce toh amma ai tana tsayawa ko, a gyara min AC ɗin tukuna, birkin sai wani satin.

Wannan "ai tana tsayawa" ita ce kalmar da muka fi ji, ita da ƙanwarta "ni na san motata". E tana tsayawa, a cikin gari kana tafiya a hankali kana ganin abin da ke gabanka tun daga nesa, ko amalanke ma za ta tsaya. Ranar da yaro ya faɗo titi ba zato ko babbar mota ta ci birki a gabanka, ranar ne za a san ko kana da birki ko ba ka da shi, kuma ranar babu damar cewa a sake.

Ga wanda bai taɓa leƙa bayan taya ba, abin ba shi da wuyar ganewa. In ka taka birki, masta, wato famfon birki, ita ce take tura man birki ta cikin siraran bututu zuwa kowace taya, man ya tura fistin ɗin da ke cikin kalifa, wato gidan da takalman birki suke zaune, fistin ya matse takalma guda biyu a jikin dis ɗin da ke juyawa da taya. Gogayyar nan ce take tsayar da mota, kuma duk takawa ɗaya sai takalmin ya ɗan ci, an yi shi ne dama don ya ci. Sabo yakan zo da kaurin milimita 10 zuwa 12, in ya sauko wajen 3 lokacin canji ya yi. Masu ƙera shi ma sun san halin mutane shi ya sa da yawa suke maƙala masa wani ɗan siririn ƙarfe a gefe, da zarar takalmin ya kusa ƙarewa sai ƙarfen ya fara taɓa dis yana ƙiii ƙiii, da gangan aka yi shi don ya dame ka. Toh wannan ƙarar ta farko gaisuwa ce. In ka share ta sai ta koma gurnani, lokacin ƙarfe da ƙarfe ne, aikin da da takalmi kawai za a canza ya koma sai an canza dis. In ka ƙara sharewa fistin ya yi ta fitowa yana neman abin da zai matsa har ya wuce iyakarsa, robar da ke riƙe da mai ta saki, man ya tsiyaye, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. Shi ne abin da mutane suke kira birki ya tsinke. Na sha cire kalifa in ga fistin ɗin kansa ya goge a jikin dis, kuma mai motar da ƙafarsa ya tuƙo ta zuwa gareji da iyalinsa a ciki.

Sai maganar man birki, wadda ita ce ta fi ba ni haushi don kusan babu mai kula ta. Mutum zai canza baƙin mai a kan lokaci har yana rubuta kwanan wata, amma ka tambaye shi yaushe rabon da a zubar da man birki a zuba sabo sai ya kalle ka kamar ka yi masa wani yare. Shi man nan yana shan danshin iska a hankali, halinsa ne. Nau'in man da ake kira DOT 3 in yana sabo sai zafi ya kai digiri 205 na Celsius kafin ya tafasa, in ya sha ruwa sai ya dawo wajen 140. DOT 4 kuma daga 230 ya sauko wajen 155. Birki kuwa wuta ne, musamman a doguwar gangara da lodi a mota direba ya ɗora ƙafa a kai bai ɗaga ba. In man ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, shi kuma tururi matsuwa yake yi ba ya tura komai, sai ka taka ka ji laushi kamar ka taka soso. Abin takaicin ma in motar ta huce sai birkin ya dawo kamar ba abin da ya faru, direba ya ce ai ya gyaru da kansa ya ci gaba da harkarsa. Kamfanonin mota da yawa duk shekara 2 suke cewa a canza shi. Wanda muke zuƙowa daga wasu motocin baƙi ƙirin ne, ka rantse tun daga kamfani ba a taɓa shi ba.

Akwai kuma masu ciko. Fitilar nan ja mai alamar motsin rai ta kama a dashbod, hambirki kuma a sauke yake, sai mutum ya buɗe bonet ya ga mai ya yi ƙasa ya sayo ya cika, fitila ta mutu, shikenan hankali ya kwanta. Alhali man birki ba ƙonewa yake kamar fetur ba, in ya yi ƙasa ɗayan biyu ne, ko takalma sun ci fistin ya fito ya ja man, ko kuma yana yoyo a wani wuri. Duka biyun cikon ba ya maganinsu, kashe bakin mai faɗa maka gaskiya kawai ka yi. Wani ma da ya rasa man birki a hanya baƙin mai ya zuba, duk robobin masta da na kalifa suka kumbura, sai da muka canza komai.

Nasan wasu direbobin in sun karanta wannan za su ce ai ku kanikawa neman na kanku kuke, kowa ya zo sai kun ƙirƙiro masa ciwo. Gaskiya bazan ce ƙarya suke yi gaba ɗaya ba, a cikinmu akwai marasa tsoron Allah kuma su suka ja mana. Akwai wanda zai ce takalminka ya ƙare alhali da sauran rabinsa. Akwai wanda zai karɓi kuɗin mai kyau ya sa maka na banza wanda in ya ji zafi fuskarsa take rabuwa da ƙarfen. Akwai wanda zai canza gefe ɗaya ya bar ɗayan, bayan kowa ya san birki bibbiyu ake canza shi, dama da hagu tare, in ba haka ba mota ta dinga fizgar sitiyari gefe duk lokacin da aka taka. Mafi muni shi ne wanda bututun taya ɗaya zai fashe, maimakon ya canza sai ya lanƙwasa shi ya daddake ko ya toshe shi da ƙusa ya ce oga je ka da uku za su kai ka. Wannan ba gyara ba ne, kuma duk bakaniken da ya yi haka aka samu matsala a hanya yana da kamasho a ciki ko ya yarda ko bai yarda ba. Amma maganin rashin yarda ai mai sauƙi ne, birki ba cikin inji ba ne da za a ɓoye maka. Ka ce a cire taya ka durƙusa ka gani da idonka, minti biyar ne. Ka ce a ba ka tsohon da aka cire ka riƙe a hannu ka gwada da sabon. Shi dis ɗin ma yawanci akwai lambar mafi ƙarancin kaurinsa a buge a jikinsa, a auna a gabanka. Bakanike na gari bazai ji haushin wannan ba, daɗi ma zai ji.

Masu motocin haya kuma nasu daban ne, don sau da yawa direban ya sani, shi yake jin motar a ƙafarsa, sai ya taka sau biyu sau uku yana famfo kafin ta kama, amma mai motar yana gida yana jiran balas, in direba ya ce birki sai ya ce lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Direba yana tsoron a karɓe makulli sai ya yi shiru ya koyi tsayar da mota da giya da hambirki, har yana alfahari wai shi gwani ne. Saukar da giya a gangara abu ne mai kyau, mu ma muna faɗa wa mutane su yi don birki ya samu ya huta, amma taimako ne ba madadi ba.

Kuma mutane ba sa lissafin gudu. Motar da ke kan kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ma ƙafarka ta tashi daga totur ta sauka a birki ka riga ka wuce tsawon motoci biyar ko shida. Sannan in ka ninka gudu biyu, nisan da za ka ci daga taka birki zuwa tsayawa ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne. Wannan fa da lafiyayyen birki da tayoyi masu kyau a busasshen titi ake magana. Toh ina ga wanda ƙarfe ne yake gogar ƙarfe, ga lodi ya wuce ƙa'ida, ga ruwan sama. Wani zai ce motata ai tana da ABS. ABS aikinsa ya hana taya ƙullewa don ka iya juya sitiyari kana cikin birki, ba ya haifar da takalmin da babu, kuma rabin motocin da ke zuwa mana fitilar ABS ɗin a kunne take an saba da ita kamar ado, wani har baƙin salatif yake mannawa a kai don kar ta dame shi da daddare.

In abin ya faru kuma sai a ce ƙaddara. Ni musulmi ne na yarda da ƙaddara, amma ban ga inda aka ce ka ji mota tana kuka wata uku ka ƙara sautin rediyo ba. Wanda ya tsallaka titi da wanda ke kan babur a gabanka da fasinjan da ya biya kuɗinsa ya zauna a baya ba wanda ya shawarce su lokacin da ka ce sai wani satin.

Abin da nake roƙon masu mota bai da yawa. In ka ji ƙara lokacin taka birki, ko sitiyari yana rawa, ko motar tana ja gefe ɗaya, ko ƙafarka tana nitsewa fiye da yadda ka saba, ko ka ji ƙauri daga taya bayan tafiya, ko ka ga jiƙa a bayan taya ta ciki, kar ka kwana da shi. Ko ba ka ji komai ba duk lokacin da za a juye baƙin mai ka ce a leƙa birki, na gaba sun fi saurin ci don su suke ɗaukar mafi yawan aikin, amma na baya ma a duba, musamman masu ganga maimakon dis, da ba a ganin cikinsu sai an buɗe, su ne ake mantawa da su shekara da shekaru.

Shi mutumin AC ɗin nan dai ban gyara masa ba. Na ce ranka ya daɗe ka yi haƙuri, ko mu fara da birki ko ka kai wani wajen, bazan iya sanyaya maka mota ka fita da ita a haka ba. Ya yi fushi ya ce an mayar masa da tayarsa, muka mayar, ya ja motarsa ya tafi muna jin ƙurrrr ɗin har ya sha kwana. Bayan kwana huɗu sai ga shi an jawo motar da igiya, bamba ta gaba a lotse, Allah ya taƙaita katanga ya samu ba mutum ba. Takalman nasa guda biyu suna nan na rataye su a ƙusa a bakin gareji, duk wanda ya ce min ai tana tsayawa su nake ciro masa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani bakanike mai karanta jaridarku