Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobi Masu Binciken Cikin Aji

'Yan uwa malamai, bayan gaisuwa, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi da wanda ta kasa yi a shekarar da ta ƙare, kamar yadda kwamiti ya ɗora mini rubutawa.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, sai dai fuskokin da ake gani su ne na kullum.

Abin da ya wanke mana zuciya a bana shi ne taron gabatar da sakamakon bincike. Mun sharɗanta wa duk mai gabatarwa ya bi matakan nan huɗu na binciken cikin aji da masana ilimi Kemmis da McTaggart suka yi fice da su, wato tsarawa, aiwatarwa, lura da kuma waiwaye, waɗanda tushensu ke komawa ga aikin masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin na 1946, domin kada a cika mana kunne da dogon sharhin littattafai alhali ba a taɓa aji ba. Sharaɗin ya yi amfani. Aikin da ya fi ɗaukar hankali shi ne na wata malamar kimiyya mai karatun digiri na biyu, wadda ta naɗi darussanta, ta ƙirga daƙiƙun da take bari tsakanin tambayarta da kiran mai amsawa. Ta ɗora aikin ne a kan binciken masaniyar koyar da kimiyya Mary Budd Rowe a Amurka a farkon shekarun 1970, wanda ya nuna cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshin yara kan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Malamar ta ce tana ganin kanta mai haƙuri ce, har sai da ta ji muryarta tana amsa tambayar da ita ta yi. A zagaye na biyu na matakan nan huɗu ta koyi yin shiru, sai ga yaran bayan aji, waɗanda aka daɗe da yanke musu hukuncin rashin ƙoƙari, suna ɗaga hannu.

Wani malami ya tambaye ta yadda ta tabbatar cewa jiran ne ya kawo canjin, ba ganin na'ura a kan tebur ba. Ta amsa cewa ta bar na'urar a aji har yaran suka manta da ita kafin ta fara ƙirga, sannan ta yarda cewa abin da ta samu ya tsaya ga ajinta, ba ta ce haka kowane aji yake ba. A ganina wannan amsa ta fi gabatarwar kanta daraja. Wanda ya zauna a ɗakin ranar ya ga abin da masanin ilimi Lawrence Stenhouse yake nufi tun 1975 da ya kira malami mai bincike.

Ɗan littafin da muka yi alkawarin bugawa bai fito ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ne ya yi sakaci. Dalilai biyu ne. Na farko, kuɗin ƙungiya bai shigo ba, ma'aji ya yi ta tuni har ya gaji, wasu ma sun daina ɗaukar wayarsa. Na biyu, wasu takardun binciken da aka aiko domin littafin sun zo ɗauke da sunayen yara da na makarantu, babu takardar amincewar iyaye ko ta shugaban makaranta. Malamin da ke binciken ɗaliban da shi ke ba su maki ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan, don yaro ba ya iya ce wa malaminsa a'a. Mun mayar da takardun domin gyara, kaɗan ne suka dawo. Na'urar naɗar muryar da za a riƙa arawa ita ma rashin kuɗin ne ya hana sayenta, bitar nazarin hirarraki kuwa an ɗage ta saboda waɗanda suka fi neman a yi ta ba su rubuta sunayensu ba.

Akwai mambobin da ba a ganinsu sai ranar da mai duba aikinsu ya mayar musu da babi na uku na kundin digirinsu cike da jan biro, su zo a guje suna neman a gyara musu cikin dare ɗaya, da zarar sun kare kundi kuma sai su ɓace. Mu ma da muke wannan hidima muna da azuzuwa, da takardun makawa, da namu kundin da ke jira.

Kwamiti ya yanke cewa a shekara mai zuwa wanda ya biya ne kawai za a duba masa aiki. Jerin bashin yana hannun ma'aji, gyararrun takardu kuma a miƙo mini su kafin taron farko na sabon zango.

Sakatare