Takardar Koke Kan Kangon Tsohuwar Masaƙa Da Ke Bayan Unguwarmu A Kakuri

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ja da ran Mai Martaba Sarkin Zazzau. Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne mazauna Kakuri, dattawa da matasa da iyaye mata, kuma wallahi ba mu so mu dame ka da takarda ba, sai dai abin ya kai mu maƙura.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an ɗauke ruwan sama, yaranmu suna buga ƙwallo a lungu tunda ba su da wani fili, ƙwallon ta faɗa cikin kangon ta inda katanga ta rushe, wani yaro da bai kai shekara goma ba ya bi ta, ciyawa ta rufe bakin tsohon ramin siminti da ake tara ruwan rini a ciki a da, ya zurma har wuya. Allah ne ya kawo wani mai keke napep da ya ji ihun yaran, ya kwanta rub da ciki a bakin ramin ya jawo shi da hannun riga. Ruwan baƙi ƙirin ga wari, yaron yana ta amai, zuwa dare duk jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, yanzu haka yana kwance a asibiti uwarsa ko abinci ba ta iya ci. Ranka ya daɗe, da mai keken nan bai biyo ta layin ba, ta'aziyya za ka zo yi mana.

Kuma ba yau muka fara magana ba. Mun rubuta, mun je ofis, an ce mu dawo, mun dawo, an turo wasu sun ɗauki hoto sun tafi, lokacin zaɓe ma an tsaya a bakin katangar nan an yi mana alƙawari. Shiru kake ji. A tsakanin nan ƴan bola jari sun kwashe kwanon rufi da ƙarafuna, ƴan shaye-shaye sun mayar da wurin gida, bayan magariba mace ba ta isa ta bi ta gefen da waya a hannu ba, ga macizai ga sauro. Yanzu kuma muna jin ƙishin-ƙishin wai za a yanka filin a sayar a gina shaguna. Haba dai, wurin da iyayenmu suka ƙare ƙarfinsu a ciki?

Kai ka fi mu sanin tarihin Kakuri. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, zamanin Sardauna, sauran masaƙu suka biyo baya, mutane suka taho daga kowane sashe na Arewa suka zauna nan, jiniya ce ke tashin unguwa da asuba. Masaƙu sun mutu, mun haƙura, amma a bar mana ramukan guba a bayan gida, wannan kam ba za mu iya haƙura da shi ba.

Abin da muke roƙo, Allah ya taimake ka, shi ne a mayar da filin nan lambun shaƙatawa na jama'a. Wani ɗanmu da ya yi karatu a Jamus ya nuna mana abin da aka yi a birnin Duisburg, inda masana'antar narka ƙarfe ta daina aiki a 1985, ba su rushe ta ba, suka gyara ƙasar suka dasa itatuwa suka buɗe ta a matsayin lambu a 1994, fili mai faɗin kusan hekta 180. Tsohon tankin gas sun cika shi da ruwa ana koyon nutso a ciki, bangon rumbunan da ake zuba ma'adinai a da matasa na wasan hawa a jikinsu, mutum yana iya hawa saman tanderun ya hango gari, kuma shiga kyauta ne. A Alƙahira ma lambun Azhar da aka buɗe a 2005 a kan jujin ɗaruruwan shekaru aka yi shi. Mu ba irin nasu muke nema ba, filin ƙwallo, itatuwan darbejiya da mangwaro, bencina, fitilu masu sola, wurin wasan ƙananan yara, famfo da bayan gida, shi ke nan. Ɗan Kakuri in yana son ya kai iyalinsa su sha iska sai ya biya kuɗin mota ya tsallaka kogi zuwa lambun Ƙofar Gamji, mutum nawa ne ke da wannan halin yanzu?

Amma kafin komai, don girman Allah a rufe ramukan nan a wannan satin, a toshe inda katangar ta faɗi tun damina ba ta yi nisa ba. A sa hukumar kare muhalli ta jiha, wato KEPA, ta zo ta gwada ƙasar da ruwan, don sinadaran rini sun daɗe suna shiga ƙasa kuma rijiyoyinmu na kusa, ruwan da ke fita daga wurin kuma lambatu yake bi ya gangara kogin Kaduna. A dakatar da duk wata maganar yanka filotai sai an zauna da mu. A nemo masu filin su fito su faɗi abin da suke nufi da shi. Kuma a taimaka wa iyayen yaron nan da kuɗin magani. Ramukan dai, ranka ya daɗe, a rufe su.

Matasanmu sun ce a shirye suke su yi aikin gayya, su share ciyawa su dasa itatuwa su riƙa ba su ruwa, izini kawai suke jira. Muna roƙonka ka kai kukanmu gaban shugaban ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu da gwamnatin jiha, kuma in da hali ka taka da kanka ko ka turo wakili, za mu tarye shi a bakin masallacin unguwa mu kai shi har bakin ramin.

Allah ya ƙara girma, ya tsare gabanka da bayanka.

Mu ne masu biyayya a gare ka,
Dattawa, matasa da iyaye mata mazauna bayan tsohuwar masaƙa, Kakuri, Kaduna.