A riƙa auna dalma a ruwan rijiyoyin karkara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun bayan da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ya kamata a ce auna ruwan rijiya ya zama ruwan dare, musamman inda ake fasa tsofaffin batiran mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada dalma ta wuce maikurogiram 10 a kowace litar ruwan sha (maikurogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram).

Akwai ƙaramar na'urar lantarki da ke wannan aiki a bakin rijiya. Ana haɗa ruwan da sinadarin asitet har tsaminsa ya kai pH 4.5, a ɗiga ruwan bismat (wani nau'in ƙarfe) kaɗan, a tsoma tsinken gwaji. Sai a ba tsinken wutar lantarki mai ƙarfin bolt -1.2 na daƙiƙa 120 ana motsa ruwan, dalmar ta manne a tsinken. Idan aka ɗaga wutar sannu a hankali, dalmar za ta saki tsinken wajen bolt -0.5, na'urar ta nuna alama, tsawon alamar shi ke nuna yawan dalmar.

Inda ake samun matsala: ruwan kududdufi mai dauɗar ganye da kashin dabbobi yana toshe fuskar tsinken, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, kuma wannan ne ya fi ba mu tsoro. Tagulla ma tana danne alamar. Don haka dole a ƙara wa ruwan gwajin dalmar da aka san adadinta sau biyu a sake aunawa, don a gwada da sakamakon farko. Ruwan gwajin da zai kwana kafin a auna shi kuwa, a zuba masa asid na naitirik, in ba haka ba dalmar ta manne a jikin kwalba.

Muna roƙon ƙananan hukumomi su sayi na'urar, su horar da ma'aikatan lafiya na karkara.

Daga wasu masu gwajin ruwa,
Jihar Jigawa