Kifin shak ba dodo ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta labarin da kuka kira kifin shak dodon teku, gaskiya abin ya sosa min rai. Ni Bahaushe ne haifaffen Fot Sudan, na yi aiki a jirgin da ke kai baƙi nutso a Bahar Maliya, har nima na koyi shiga ruwa da tukunyar iska a baya.

A Sanganeb, wani tudun murjani a cikin teku kusa da Fot Sudan, na fara ganin irin mai kai kamar guduma ɗin nan, garke guda suka gifta mu a hankali, wallahi ƙirjina dukan uku-uku yake amma su ko kallo ba mu ishe su ba, kumfan numfashinmu ma shi ya sa suka kauce. Wurin nan fa da mashigin tekun Dungonab da ke arewa da shi, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin wuraren gadon duniya a 2016.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shine miliyoyin kifayen shak ake kashewa duk shekara, wasu a yanke musu fiffike saboda miya a jefar da su da ransu su nutse. Don Allah ku yi mana rubutu a kan wannan.

Naku mai karatu,
daga Fot Sudan