Rahoton Ayyukan Shekara daga Teburin Sakatare

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa membobi.

Bana ma ni aka bar wa rubuta rahoton ƙungiyarmu ta masu nazarin tsirrai, kuma tun da Ma'aji ya tafi bautar ƙasa littafin kuɗin wata ya dawo hannuna. Wanda ya ji zafi a maganata ya yi haƙuri, gajiya ce.

An yi tarukan wata-wata, ban da na cikin azumi da wanda ruwa ya hana.

Abin da ya wanke mana fuska shi ne fitar da muka yi fadama a watan Agusta tare da ɗaliban sakandare. Malamin da ya jagoranci darasin ya buɗe da albasa. Ya ɗaga ta sama ya tambayi yaran, tsakaninta da mutum wa ya fi yawan DNA a ƙwayar halitta guda. Kowa ya ce mutum. Sai ya gaya musu kundin halitta, wato jimillar bayanan gado da ke rubuce a DNA, na ɗan Adam haruffa biliyan 3 ne da ɗoriya, na albasa kuwa wajen biliyan 16. Shinkafa ba ta cika miliyan 400 ba, dawa tana wajen miliyan 730, gero biliyan 1.7. Ya kawo musu labarin Paris japonica, furen tsaunukan Japan da masanan lambun Kew na Ingila suka auna a 2010 suka sami biliyan 149, da wani ɗan tsiro mara fure na tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ya ƙwace kambun a 2024 da biliyan 160. A ɗaya gefen akwai wata shuka nau'in Genlisea ta Brazil mai cin ƙananan halittu, wadda nata bai wuce miliyan 61 da 'yan kai ba. Har direbanmu ya matso yana saurare.

Daga nan aka shiga tambayar da ta hana mu zama shekara biyu ke nan: me girman kundin nan yake jawo wa tsiro a daji? Babban kundi yana son babbar ƙwayar halitta, kuma kwafe shi kafin ƙwaya ta rabu biyu yana cin lokaci. Tun 1972 Michael Bennett ya nuna cewa ciyayin da ke tsirowa su yi fure su zubar da iri cikin 'yan makonni ƙananan kundi gare su, masu manya sosai kuwa sai dai su yi zaman shekaru. To mu da daminarmu ba ta wuce wata huɗu ba, wannan magana tamu ce. Ƙarangiya da burburwa da guɗe-guɗe dole su gama komai kafin ruwa ya ɗauke. Albasar kwaɗi ba ta wannan tsere. Tana kwance a ƙasa duk rani da guzurinta, ruwan farko na sauka sai ta kumbura ta fito. Malam ya ƙara da batun abinci: DNA na cin naitirojin da fosfaras sosai, wato N da P ɗin nan da ke jikin buhun taki. A filin ciyawa na Rothamsted a Ingila, inda ake gwajin taki tun 1856, an ga masu babban kundi sun fi mamaye wuraren da ake zuba duka biyun. Ƙasarmu ta jigawa kuwa kowa ya san ƙarancin fosfaras ɗinta.

Bayan azahar aka shafa wa ganyaye jan farce mara launi, ya bushe, aka ɗago shi da salatef aka manna a gilashi. A ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, ƙofofin numfashin ganyen albasar kwaɗi suka fito manya-manya a warwatse, na ciyawa ƙanana a jere kamar ɗinkin keke. Wata yarinya ta ƙi tashi daga kan madubin sai da aka yi da gaske. Malam ya ja kunnensu cewa girman ƙofa alama ce kawai, ba awo ba ne. Muna godiya ga Hajiya da ta ciyar da mutanen nan duka daga aljihunta, ta kuma hana a rubuta mata ko sisi.

Sai inda aka gaza. Awon kundin ciyayin da muka lissafa bara bai yiwu ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ne ya yi barci. Ba haka ba ne. Na'urar awon, ɗanyen ganye take so, sinadarin rinin kuma saye ake yi. Mun sami ɗakin gwajin da ya yarda ya taimaka, mun tsinko ganyen, aka rasa kuɗin kula da ƙanƙara da na mota. Kafin mutum uku su yi karo-karo ganye ya yi yaushi, damina ta wuce. Tafiyar dajin Falgore ma kuɗin mota ne ya kashe ta. Busassun samfuran da muka tara a kwali gara ta cinye kusan rabi, alhali tun watan Maris nake roƙon a sayi kabad na ƙarfe.

Waɗanda suka biya kuɗin shekara cikakke ba su kai rabinmu ba. Na kira, na tura saƙo, na je gidan wasu har na fara jin kunya kamar mai bin bashin kaina. Amma ranar fadama mota ba ta ɗauke mu duka ba saboda yawanmu. Akwai masu halin ƙarangiya a cikinmu, sai an yi ruwa ake ganinsu, su liƙe a hoto, su ɓace. A WhatsApp kuwa kowa farfesa ne.

Kwamiti ya yanke cewa wanda ake bi kuɗi ya biya kafin taron Janairu, in ba haka ba babu shi a zaɓe. Kuɗin farko da ya shigo na kabad ne, na biyu a ajiye don awon ganye a watan Yuli. Wanda ya ari ƙaramin madubin hannu tun ranar fadama ya san kansa, ya dawo da shi ofis. Ni kuma ba zan sake tsayawa sakatare ba, a fara neman wanda zai karɓi littafin.

Wassalam.